Daniel Coit Gilman (1831–1908): Shugaba Ɗaya, Jami'o'i Biyu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi rayuwar Daniel Coit Gilman, shugaban farko na Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a ƙasar Amurka, don a ga abin da ya sa aikinsa ya ci tura a wuri ɗaya, ya kuma yi albarka a wani. Gilman ya shugabanci jami'o'i biyu. A ta farko, watau Jami'ar Kalifoniya, bai cika shekara uku ba ya ajiye aiki cikin ɓacin rai. A ta biyu kuwa ya yi shekara ashirin da biyar ana karatu a ƙarƙashinsa, har sauran jami'o'in ƙasar suka dawo suna koyi da shi. Mutumin bai sake ba, ra'ayinsa game da ilmi ma bai sake ba. Abin da ya bambanta shi ne hannun da ke riƙe da ragamar jami'ar, da kuma inda aka zuba kuɗinta. Wannan batu ya shafe mu, mu da ke koyarwa a kwalejoji da jami'o'i, domin tambayar abin da za a fara saye da ɗan kuɗin da ke hannu ba ta taɓa barin teburin shugabanninmu ba.

Ya kamata a lura tun farko cewa a Amurka shugaban jami'a shi ne mai gudanar da harkokinta na yau da kullum. Ba sarautar girmamawa ba ce.

2.0 Halin da ya tarar

A farkon ƙarni na 19 manyan makarantun Amurka, irin su Harvard da Yale da Princeton, kwalejoji ne na horar da samari. Galibin shugabanninsu limaman coci ne. Abin da ake karantawa bai wuce Girkanci da Latinanci da lissafi da ɗan abin da ba a rasa ba na kimiyya, sa'an nan a shekarar ƙarshe shugaban da kansa ya koyar da falsafar ɗabi'a. Hanyar koyarwa ita ce hadda da biyawa: a ba ɗalibi shafi, gobe ya tashi ya maimaita, malami ya rubuta masa maki. Ba a ɗauki malami don ya gano wani sabon abu ba. An ɗauke shi don ya tsare tarbiyya, ya kuma miƙa abin da ya tarar yadda ya tarar da shi.

A Jamus lamarin ya sha bamban. Tun da aka kafa Jami'ar Berlin a 1810 aka ɗora ta bisa ra'ayin cewa koyarwa da bincike tagwaye ne, malami ya binciko, ɗalibi ya koyi yadda ake bincikowa ta hanyar yin aikin tare da shi. Saboda haka duk Ba'amurken da ke son zurfin ilmi sai ya haye teku zuwa Berlin ko Göttingen ko Leipzig. Gaskiya ne Yale ta ba da digirin dakta na farko a Amurka a 1861, amma masu neman sa 'yan ƙalilan ne, kuma a gefe suke, ba su ne ginshiƙin makarantar ba.

3.0 Tasowarsa da shekarunsa a Yale

An haifi Gilman ranar 6 ga Yuli, 1831, a garin Norwich na jihar Connecticut. Ya gama Yale a 1852. A ƙarshen 1853 ya tafi Turai tare da abokinsa Andrew Dickson White, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Cornell, suka yi aiki a ofishin jakadancin Amurka da ke St. Petersburg a Rasha. Daga nan ya yi wani lokaci a Berlin yana sauraron darussa, yana kuma lura da yadda makarantun Turai ke tafiyar da al'amuransu. Ya komo gida a 1855.

Shekara goma sha bakwai da suka biyo baya a Yale ya yi su. Ya riƙe ɗakin karatu har zuwa 1865. Ya zama shaihun malami a fannin labarin ƙasa a 1863. Amma babban aikinsa shi ne tsara makarantar kimiyya ta Sheffield, wadda reshe ce ta Yale, da nemo mata kuɗi. A 1862 aka zartar da dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha filaye ta sayar don ta kafa makarantar koyar da noma da sana'o'in injiniya, kuma rabon jihar Connecticut makarantar Sheffield ya tafi. Har ila yau ya yi aikin duba makarantun garin New Haven, ya kuma zama sakataren hukumar ilmi ta jihar na ɗan lokaci. Ke nan ya san makarantar firamare, ya san majalisar dokoki, ya san attajirai, kafin ya taɓa zama a kujerar shugaban jami'a.

Abin lura a nan shi ne Gilman ba gwanin bincike ba ne. Bai gano wata ƙa'ida ta kimiyya ba, bai bar wani babban littafi a fanninsa ba. Baiwarsa ita ce gane mai baiwa, da iya zama da mutane masu wuyar sha'ani. Da kujerar shugaban Yale ta zama babu kowa a 1871, sai aka ba Noah Porter, limami mai riƙon tsohuwar hanya. Shekara ɗaya bayan haka Gilman ya karɓi kiran Kalifoniya.

4.0 Kalifoniya, 1872–1875

Jami'ar Kalifoniya jaririya ce a lokacin, don a 1868 aka kafa ta, kuma a zamanin Gilman ne, a 1873, ta tashi daga Oakland ta koma mazauninta na Berkeley. Ta jiha ce, da kuɗin jama'a take tafiya, wani ɓangarensa kuma daga filayen dokar Morrill ya fito. Nan gizo ke saƙa.

Gilman yana son jami'a mai faɗi, wadda za ta haɗa adabi da kimiyya, ta koyar da noma a kan tushen ilmin sinadarai da na tsirrai. Ƙungiyar manoma ta Grange da ƙungiyoyin masu sana'a suka ce ba haka doka ta nufa ba. A ganinsu an karɓi kuɗin 'ya'yan manoma ana karantar da 'ya'yan masu hali Latinanci. Suna son a ga ɗalibi da garma a gona, suna kuma son jama'a su riƙa zaɓen hukumar jami'ar da ƙuri'a. Shaihun malamin fannin noma na jami'ar, Ezra Carr, ya goyi bayansu a fili, ɗan jarida Henry George shi ma ya riƙa suka a jaridarsa. A 1874 majalisar dokokin jihar ta kafa bincike a kan jami'ar, a shekarar kuma hukumar ta sallami Carr.

Adalci ya sa a ce manoman nan ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya biya haraji yana da damar tambayar abin da aka yi da shi. Irin tsarin da suke nema ya yi amfani a jihohi da dama, har ya iso gare mu, domin da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, wadda ke kan wannan tsari, aka kafa Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a 1960. Amma darasin da Gilman ya ɗauka shi ne cewa ba a iya shirin shekara goma a inda kowane zaman majalisa zai iya rushe abin da aka gina bara. Shugaban da kullum yake kare kansa ba shi da sauran lokacin neman malamai.

5.0 Wasiyyar Johns Hopkins

Ana cikin haka wani attajiri na Baltimore, Johns Hopkins, ya rasu ranar 24 ga Disamba, 1873. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Ya yi wasiyya da dala miliyan 7, rabi a kafa jami'a, rabi a kafa asibiti. Har zuwa lokacin babu wanda ya taɓa ba da kyauta mai yawan haka a ƙasar. Game da jami'ar wasiyyar ba ta yi dogon bayani ba. Ta bar al'amarin a hannun amintattu goma sha biyu, ba ta ɗaura su da gwamnati ko da wata ɗariƙar coci ba.

Amintattun nan suka yi abin da ya kamata a yaba musu: suka yarda ba su sani ba, suka tambaya. Sun nemi shawarar shugabanni uku, Charles Eliot na Harvard, da White na Cornell, da James Angell na Michigan, dukansu kuwa Gilman suka nuna. Ya gana da amintattun a Disamba 1874, ya bayyana musu cewa ƙasar ba ta rasa kwalejoji ba, abin da ta rasa shi ne wurin da wanda ya gama kwaleji zai je ya ƙara zurfi. Suka amince, sai dai sun tsaya a kan a buɗe ƙofa ga samarin Baltimore masu neman digiri na farko su ma. Ya ajiye aikin Kalifoniya a 1875, aka rantsar da shi ranar 22 ga Fabrairu, 1876.

6.0 Yadda ya kashe kuɗin

6.1 Malamai kafin gine-gine

Hopkins ya bar wata babbar gona mai suna Clifton a bayan gari, mutane da yawa sun ɗauka can za a tayar da manyan benaye. Ba a yi haka ba. A cikin wasu gidaje marasa ado a titin Howard, tsakiyar gari, aka buɗe jami'ar, aka ƙara musu ɗakunan gwaje-gwaje. Kuɗin ya tafi ga albashi da kayan aiki da littattafai.

Gilman ya yi shekarar 1875 yana yawon neman malamai a Amurka da Turai. Waɗanda ya samo sun nuna irin idonsa. James Joseph Sylvester, masanin lissafi ɗan Ingila, ya haura shekara sittin, yana zaune ba aiki tun da aka yi masa ritaya a 1870. Bayahude ne, saboda haka Cambridge ba ta ba shi digirinsa ba sai a 1872, ko da yake tun 1837 ya zo na biyu a jarrabawar lissafi. Henry Rowland kuwa saurayi ne ɗan shekara 27 da ke koyar da kimiyyar fiziks a wata makarantar injiniya. Mujallar kimiyya ta ƙasarsa ta ƙi buga aikinsa a kan maganaɗisu, sai James Clerk Maxwell ya gani, ya sa aka buga a Ingila. Wannan labari kaɗai ya ishi Gilman shaida. Sauran su ne Ira Remsen a ilmin sinadarai, ɗan shekara 30, wanda ya yi digirin dakta a Göttingen. Da Newell Martin a ilmin halittu, almajirin Thomas Huxley. Da Basil Gildersleeve a Girkanci, wanda ya yi shekara ashirin a Jami'ar Virginia. Da Charles Morris, shi ma a harsunan da. Tsoho da yaro, baƙo da ɗan gida, abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana da aikin da yake son ya ci gaba da yi. An rage musu nauyin aji don su sami sukunin yin sa.

6.2 Ɗalibai masu albashi

Malami ba ya bincike shi kaɗai, kuma wanda ya gama digiri na farko yawanci ba shi da abin da zai ci idan ya zauna ƙarin karatu. Don haka jami'ar ta ware gurabe 20 na tallafi, kowanne dala 500 a shekara, ana ba da su bisa cancanta ga ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasar. A shekarar farko an ɗauki ɗalibai 89, daga cikinsu 54 sun riga sun gama digiri na farko. 

6.3 Zauren tattaunawa da mujalla

A maimakon hadda da biyawa, aka kawo ɗakin gwaje-gwaje ga masu kimiyya, da zauren tattaunawa ga masu tarihi da harsuna, inda ɗalibi zai karanta abin da ya binciko, malami da 'yan'uwansa su yi masa tankaɗe da rairaya. Zauren tarihi na Herbert Baxter Adams ya yi suna ƙwarai. To, amma bincike ba ya zama ilmi sai an buga shi wasu sun gani, ga shi kuwa ƙasar ba ta da mujallun da za su ɗauki irin wannan aiki. Sai jami'ar ta kafa nata: American Journal of Mathematics a 1878, American Chemical Journal a 1879, American Journal of Philology a 1880. Sashen ɗab'in da aka buɗe a 1878 shi ne ya zama maɗaba'ar jami'a mafi daɗewa tana aiki a Amurka.

7.0 Abin da aka girba

An ba da digirin dakta huɗu na farko a 1878, cikin masu karɓa har da masanin falsafa Josiah Royce. John Dewey, wanda duk malamin kwalejin ilmi ya san sunansa, a nan ya sami nasa a 1884. Woodrow Wilson, wanda ya shugabanci Amurka daga 1913 zuwa 1921, ya sami nasa a 1886. Thomas Hunt Morgan ya gama a 1890, ya karɓi kyautar Nobel a 1933 saboda aikinsa a kan gadon halitta. A ɗakin gwajin Remsen aka gano sinadarin zaƙi na sakarin a 1879.

Sauran jami'o'i suka farga. Aka buɗe Clark a 1889 da Chicago a 1892 bisa wannan hanya. Eliot na Harvard da bakinsa ya amsa, a bikin da aka yi a Baltimore a 1902, cewa sashen manyan digirori na jami'arsa bai yi ƙarfi ba sai da misalin Johns Hopkins ya tilasta musu.

8.0 Jarrabawar kuɗi da makarantar likitanci

Babban kason dukiyar jami'ar hannun jari ne a kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore and Ohio. A ƙarshen shekarun 1880 kamfanin ya daina biyan riba, kuɗin shiga ya ragu ƙwarai, sai da mutanen gari suka yi karo-karo aka tsallake. Asibitin ya buɗe a 1889, Gilman ya riƙe shi na ɗan lokaci don ya tsara tafiyarsa, amma babu kuɗin buɗe makarantar likitanci.

Wasu mata ne suka fitar da jami'ar kunya. Sun kafa asusu, Mary Elizabeth Garrett ta ba da fiye da dala 350,000 cikin 500,000 da ake bukata, bisa sharuɗɗa: a ɗauki mata daidai da maza, kuma kada a ɗauki kowa sai mai digiri na farko wanda ya karanta kimiyya, yana kuma iya karanta Faransanci da Jamusanci. A lokacin makarantun likitanci da yawa ba sa neman ko takardar sakandare. Gilman da wasu malamai sun ji tsoron ba za a sami ɗalibai ba, amma babu yadda za su yi, suka karɓa. Aka buɗe makarantar a 1893 da likitoci huɗu da suka shahara, William Welch da William Osler da William Halsted da Howard Kelly. Rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya sake fasalin karatun likita a Amurka, ita ya ɗauka abin misali. Ke nan ɗaya daga cikin manyan abubuwan alfaharin zamanin Gilman ba daga gare shi ya fito ba, ɗora masa aka yi.

9.0 Inda ya gaza

Idon da ya gano Rowland bai ga kowa da kowa ba. Christine Ladd ta kammala duk aikin digirin dakta a 1882 a fannin lissafi da manɗiƙi, aka hana ta digirin don ita mace ce, ba a ba ta ba sai a 1926. Kelly Miller, baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar, ya zo a 1887, ya bari a 1889 da aka ƙara kuɗin makaranta, ya koma Jami'ar Howard ya zama babban malami. Charles Sanders Peirce, wanda a yau ake lissafa shi cikin manyan masana falsafa na Amurka, an raba shi da aiki a 1884 saboda maganganu a kan zaman aurensa, bai kuma sake samun kujera a wata jami'a ba. Gilman mutum ne mai gudun abin da zai ɓata sunan jami'a a idon mutanen gari, tun ma ba bayan surutun da ya tashi a 1876 ba, lokacin da Huxley, mai kare ra'ayin Darwin, ya yi jawabin buɗe karatu ba tare da an yi addu'a ba. Wannan taka-tsantsan ya tsare jami'ar, amma wasu ne suka biya kuɗinsa. Daɗin daɗawa, a 2020 jami'ar da kanta ta bayyana cewa takardun ƙidayar jama'a na 1840 da 1850 sun nuna akwai bayi a gidan Johns Hopkins, wanda a da ake ɗauka mai adawa da bauta ne.

10.0 Kammalawa

Gilman ya sauka a 1901, Remsen ya gaje shi. Daga 1902 zuwa 1904 ya zama shugaban farko na Cibiyar Carnegie ta Washington mai tallafa wa bincike. Ya rasu a mahaifarsa, Norwich, ranar 13 ga Oktoba, 1908. Jami'ar ba ta koma babban mazauninta na Homewood ba sai bayan rasuwarsa. Watau duk sunan da ta yi a zamaninsa, a cikin waɗancan ɗakuna na tsakiyar gari ta yi shi.

Ba a ce a kwafo Baltimore ta 1876 a dasa a wani wuri ba. Gilman ya sami dukiyar da babu mai tambayarsa lissafinta sai mutum goma sha biyu, makarantun da jama'a ke ɗaukar nauyinsu kuwa dole su amsa tambayar jama'a, kamar yadda manoman Kalifoniya suka nuna. Amma abubuwa uku sun fito fili daga abin da ya gabata. Na farko, hukumar da ta zaɓi shugaba bisa shawarar masana, ta kuma sakar masa mara, ta yi rabin aikin. Na biyu, idan kuɗi bai isa a yi komai da komai ba, malami da ɗalibi da littafi da mujalla su ne a gaba, gini ya biyo baya. Na uku, cancantar da aka taƙaita ga wasu mutane ban da wasu asara ce ga makarantar kanta, kamar yadda labarin Ladd da Miller ya nuna. Ya rage ga mahalarta wannan taro su auna makarantunsu da waɗannan ma'aunai uku, su ga wanne ne ya fi yi musu nauyi.